Bebiyar Sakata

"Mama, Kaka ne mijinki?"

Ranar Lahadi ce, ana tsakiyar cin abincin rana. Nives na tsaye tana kankare ƙanzon polenta, tuwon masararsu, daga gindin tukunyar tagulla, don Gemma ta fi son ƙanzon a kan tuwon kansa. Ta juyo ta dubi 'yar tata, 'yar shekara biyar, leɓe duk narkakken cuku, ta ga babu alamar wasa a fuskarta.

Tsoho Ermanno ne ya fara dariya, har da buga tebur. Ya ce shi ya tsufa da ɗaukar mata mai faɗa irin wannan, kuma ko da yana so, 'yar masunta ba za ta auri mutumin da bai iya iyo ba. Gemma ta ce to ai shi ne yake zama a babbar kujera, shi Mama take wanke wa safa, shi take yi wa faɗa in ya ƙi shan magani. A gidan su ƙawarta, wanda ake yi wa haka shi ne miji.

"Babanki ne mijina," in ji Nives. "Ci abincinki."

"To yana ina?"

Ta san inda yake, duk sun sani. Corrado, ɗan da Ermanno ya haifa shi kaɗai, yana can wata ƙasa yana kafa wa mutane injuna, wata uku a waje, kwana goma a gida. In ya zo ya zo da tsaraba da gajiya, kafin a saba da tarinsa a ɗaki ya sake ɗaure jaka. Shekara bakwai ke nan da ya ɗauko Nives daga bakin tafkin Iseo ya kawo ta wannan ƙauyen da ke saman Gardone, inda daga Nuwamba rana take faɗawa bayan dutse tun ƙarfe uku. Matan unguwa suna gaishe ta, ba ta da abin cewa a kansu, amma su tun ranar baftismarsu suka san juna, hirarsu cike take da sunayen matattun da ba ta sani ba. Abokin hirarta a duk faɗin kwarin mutum ɗaya ne, surukinta, mai shekara saba'in da tara.

Shekara arba'in da shida Ermanno ya yi yana haɗa libarba, ƙaramar bindigar hannu mai ganga, irin ta da, kwaikwayon waɗanda Amurkawa suka yi yaƙi da su tun zamanin kakannin kakanni, jikokinsu kuma suke saye yanzu su yi shigar da su harbi faranti ranar hutu. Dubbai sun bi ta hannunsa sun haye teku. Ɗaya ya riƙe wa kansa, irin wadda ake ɗurawa ta gaba: albarushi, sannan dalma, sannan a ɗora kafsu, ɗan murfin tagulla mai tayar da wutar, a baya.

Da ita ya koya wa Nives sana'ar, a kan wannan teburin na kicin, lokacin da aka yaye Gemma kuma zaman gida ya fara cinta. Ya shimfiɗa tsohon tawul, ya nuna mata yadda bindigar take rabuwa uku: mariƙi, da ganga mai ɗakuna shida, da bututu. Abin da ya haɗe su kuwa wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙaramin yatsanta tsawo ba. Ana zura shi ta hagu, ya ratsa gindin bututun da sandar da gangar ke juyawa a kanta, ya leƙo ta dama. Sakata ke nan. In ta fita, bututu ya zame a hannu kamar murfin kwalba. In ta shige fiye da kima, bututu ya matse ganga ta ƙi juyawa.

Iri biyu ce. Ta bindigar albarushi tana da wani siririn ƙarfe mai tsalle kwance a jikinta, Ermanno yana ce masa harshe. Shi yake kama kan sukuru ya hana ta faɗawa cikin ciyawa, tunda irin wannan bindigar duk ranar da aka yi harbi sai an buɗe ta an wanke. Ta bindigar da aka mayar mai cin harsashi ba ta da harshen, sai ɗan tsagi inda kan sukuru yake zama. Ita yake kira bebiya. A idon wanda bai sani ba kamar an tsaga kara suke. Mutanen kwarin kuwa, ko idonsu a rufe aka miƙa musu, babban yatsa zai gaya musu wacce ce.

"Da yatsa ake tura ta," ya ce mata a ranar farko. "In ta yi gardama, a lallashe ta da magagari. In ta ƙi, gudumar katako. Ranar da na ji kin buga ƙarfe a kan ƙarfe, ki tattara ki koma kamun kifi."

Ba ta koma ba. Ta samu aiki a wata ƙaramar maƙera a bakin kogin Mella, daga safe zuwa ƙarfe ɗaya, a bencin da ake haɗa masu cin harsashi. Wani lokaci takan zo gida da bebaye a cikin tsohon gwangwanin kofi, ta zauna da la'asar tana goge musu kaifi, Ermanno a gefe yana wanke tasa bindigar da babu abin da ya same ta, Gemma a tsakani tana miƙa masa tsumma. Waɗannan la'asar ɗin su ne abin da Nives take da shi.

Abin ya fara ne a hankali, yadda ruwa yake cin gindin katanga. Ya ɗora tukunyar kofi a wuta babu ruwa a ciki. Ya kira ta Pierina, sunan matarsa da ta rasu tun kafin a yi bikin Nives, ya kuma ci gaba da magana bai ji ya yi kuskure ba. Wata rana ya fita sayen jarida ya dawo da burodi, alhali shi ya sayo na safe. Nives ta riƙa tattara waɗannan tana ajiyewa a ranta, tana ce wa kanta tsufa ne, kowa ya daɗe zai gani.

Sai wata Talata, bayan cin abinci, ya shimfiɗa tawul ya ɗora bindigar, barci ya ɗauke shi a kujera. Da can ko ban ɗaki zai shiga sai ya mayar da ita cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakin ƙasa ya kulle. Gemma na zaune a gaban bindigar tana yi wa 'yartsanarta kitso. Nives ta zo kwashe kwanuka, ta ɗaga bindigar don ta goge tebur, idonta ya faɗa kan fuskar gangar. Ɗakuna biyar baƙi ƙirin, babu komai. Na shida kuwa dalma ce a ciki, fari-fari, an danna ta sosai.

Babu kafsu a bayanta. Ta duba har sau uku. Ta buɗe bindigar, ta jiƙa gangar cikin ruwan zafi, ta zaro dalmar, ruwan ya yi baƙi. Da ya farka ta tambaye shi cikin ladabi ko jiya ya ɗura bindigar. Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce a cikin gida? Shi? Ya ce tun ba a haifi ubanta ba ya san ba a kwana da bindiga a ɗure.

Da yamma ta kira Corrado. Fuskarsa ta bayyana a waya tana tsayawa tana tafiya, bayansa wani farin bango. Ta faɗa masa komai. Ya shafa kai, ya ce ai babu kafsu, ita da kanta ta ce babu. Ya ce mahaifinsa in aka raba shi da wannan bindigar an raba shi da ransa, ta bari ya dawo lokacin Kirsimeti su zauna su yi magana. Ta ce saura mako bakwai. Ya ce ta riƙa sa ido, ai ita mai lura ce, shi ya sa hankalinsa yake kwance. Sannan aka kira shi, ya ce ta sumbaci Gemma.

Nives ba mai zama ta naɗe hannu ba ce. Ta auna abin ta kowace fuska. Albarushi da kafsu suna cikin akwatin ƙarfe, makullin kuma yana rataye a wuyan tsohon tare da ɗan gicciyensa. Karɓar makullin nan sai an dubi idonsa an ce masa ya daina zama mutumin da yake. Kai magana wurin jandarma kuwa, kafin ta hawo gida duk ƙauyen ya ji cewa 'yar bakin tafki ta kai surukinta ƙara. Amma akwai hanya ta uku, wadda ba ta buƙatar ko kalma ɗaya. Kashegari da barci ya sake ɗaukarsa, ta sassauta sukurun, ta tura sakatar da yatsa, ta zare ta, ta jefa a aljihun ciki na rigar sanyinta. Bindigar da ba ta da sakata ba bindiga ba ce, ƙarafa uku ne a kan tawul. Ba a ci wa kowa fuska ba, yarinya kuma ta tsira. Har ta ji daɗin dabarar tata.

Da ya tashi ya ɗaga mariƙin, bututun ya zame ya faɗi a kan tawul. Ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗaga tawul ya kakkaɓe. Ya laluba aljihunansa ɗaya bayan ɗaya, ya sake lalubawa. Bai tambaye ta ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo, don bai ko kawo a ransa cewa wani ne ya ɗauka ba.

Kwana takwas yana nema. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ƙara ya leƙa ƙarƙashin kabad, Gemma na haska masa tocila tana ba shi umarni. Ya kwance bututun wurin wanke-wanke. Ya juye tokar murhu a kan jarida ya bi ta da yatsa. Ranar Lahadi ya kunna wa Waliyyi Antonio, wanda ake roƙo in abu ya ɓata, kyandir, shi da bai cika shiri da limaman coci ba, ya dawo yana cewa in waliyyin ya san aikinsa to ga ranar nunawa. Nives ta ce ko ta tambayo masa wata a wurin aiki, don ta san abin da zai ce. Ya ce a'a. Wannan sakatar shi ya gyara ta da hannunsa don wannan bindigar, kuma ba zai yarda a ji a mashayar Gardone cewa Ermanno ya ɓatar da sakata kamar sabon shiga ba.

Ya rage cin abinci. Ya daina tsokanarta. Wata la'asar ta same shi zaune a gaban ƙarafan uku, hannuwa a kan gwiwa, ya ce mata ba tare da ya ɗago ba, "Kin san abin da yake ba ni tsoro, 'yata? Ba ɓatan ba ne. Na rufe ido in ga lokacin da na cire ta, babu komai a wurin. Fari fat."

Sakatar tana aljihunta a lokacin. Ta ji nauyinta a kan haƙarƙari, abin da bai kai nauyin makulli ba. Ta ce masa za ta fito, ta juya ta ɗora ruwan zafi. A motar safe, in kowa ya dukufa kan wayarsa, takan sa hannu ta taɓa ɗan harshen nan, ta danna shi ya dawo, ta danna ya dawo, har a iso Gardone. Babu wanda za ta gaya wa.

Ranar Alhamis Gemma ta tashi da tari, ba ta je makaranta ba. Nives ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa tana shawara. Babu wurin wanda za ta kai ta. Ta ce a ranta ai bindigar matacciya ce, ta shafa aljihu ta tabbatar, ta bar musu miya a kan murhu ta tafi.

Ƙarfe ɗaya da rabi motar ta sauke ta a gaban coci. Daga nan matakala ce ta dutse har gida. Tana tsakiyar hawa ta ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Ƙwal, a dakata, ƙwal. Baƙo a kwarin zai ce wani ne yake kafa ƙusa. Nives ta tsaya cak da ledar burodi a hannu, don a shekara bakwai ba ta taɓa jin wannan ƙarar ta fito daga gidansu ba. Katako a kan ƙarfe muryarsa a toshe take. Wannan kuwa tana da amo, tana da wutsiya.

Ba ta san yadda ta ƙarasa sauran matakalar ba. Ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe take, fitila a kunne. Akwatin ƙarfe a buɗe. A kan benci ga gwangwanin kofinta a kife, bebaye sun watse ko'ina. Ga gwangwanin kafsu babu murfi, ga garin albarushi ya zube a gefen magagari. Ermanno ya kwantar da bindigar a gefenta, a haɗe, ya riƙe mariƙin da hagu, a damansa gudumar ƙarfe ce ta fasa gawayi. Gemma kuma tana tsaye a kan akwatin lemo a ɗaya ƙarshen bencin, cikin rigar barci da jar suwaita, ta kama bututun da hannu biyu don kada ya motsa, bakinsa a daidai maɓallinta na uku. Ta ciji leɓe, irin na mai aikin da aka yarda da shi.

Ihu ya taso wa Nives har maƙogwaro, ta haɗiye shi. In ta yi ihu tsohon zai firgita, guduma kuma tana sama.

"Baba, ku dakata kaɗan," ta ce, da muryar da take tambayarsa ko a ƙara gishiri. "Gemma, zo ki karɓi burodin nan, hannuna ya gaji."

"Ina riƙe wa Kaka."

"Na gani. Zan karɓe ki. Saki a hankali, ki sauko ta wannan gefen. Kai shi sama, ki zauna a kicin har in zo. Akwai abu a ƙasan ledar, naki ne."

Babu komai a ƙasan ledar. Yarinyar ta saki, ta sauko, ta wuce ta gefenta tana tari. Nives ta saurari takunta har ta ji an ja kujerar kicin. Sannan ta matsa, ta ɗora tafin hannu a kan bindigar, ta juya bakin zuwa bango.

Ɗakuna uku a ɗure. Duk ukun da kafsu a bayansu, jajaye, sababbi, taƙi ɗaya daga inda gudumar take sauka. Ta sa farce ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Na ukun ya yi gardama har farcen ya tsage. Ta zuba su a aljihu.

Ermanno yana ta bayani cikin fara'a. Ya ce ya samo sakatar, ashe a gwangwanin kofi take, waliyyin ya yi aikinsa, sai dai ta ɗan kumbura don ta kwana biyu a waje. Ya ce gobe zai kai yarinyar filin harbi ta ga yadda hayaƙi yake tashi.

"Baba, ku duba ta da kyau."

Ya sa tabarau, ya sunkuya. Bebiya ce, an dulmiya ta har wuya, kanta ya baje kamar ƙusar da aka yi wa dukan wulaƙanci. Kan sukurun ya karkace. A jikin bututun, inda shuɗin ƙarfen ya shekara hamsin babu ko ƙwarzane, ga tabo huɗu farare inda guduma ta kuskure. Ya sa babban yatsa ya shafa kan sakatar, yatsan ya nemi harshe bai samu ba. Fuskarsa ta canza.

"Wane jaki ne ya sa wa bindigata bebiya?" ya ce. "Kuma da ƙarfe. Dubi nan. Wa ya buga wannan da ƙarfe?"

Ya ɗago zai sake tambaya, sai ya ga abin da ke hannunsa na dama. Ya daɗe yana kallon gudumar. Sannan ya dubi akwatin lemon da babu kowa a kai, ya dubi inda bakin bututun yake ɗazu. Ya ajiye gudumar a hankali kamar mai gudun ta farka.

A nan ne Nives ta gane inda dabararta ta ɓule. Ba ta taɓa lissafa gwangwanin kofin ba. Kullum yana kan kantar kicin, a gaban idonta, cike da sakatu, amma a wurinta ba sakatun wannan bindigar ba ne, wani abu ne daban, kamar a ce cokali. Babu ɗan kwarin da zai sa bebiya a nan, balle Ermanno. Ta jingina ran 'yarta a kan abin da tsohon ya sani, alhali abin da ya sani ɗin ne yake zubewa.

Ta sa hannu a aljihun ciki ta fito da sakatar, ta ajiye a gabansa.

"Ni na cire ta. Tun ranar Laraba ta wancan makon. Kuna barci."

Ya ɗauka, ya danna harshen, ya dawo. Ta yi zaton zai yi faɗa, har ta so ya yi. Sai ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kina kallona ina rarrafe a ƙarƙashin kabad."

"Ina kallo."

"Na ce miki babu komai a kaina, fari fat. Kika ce za ta fito."

"Na ji tsoron in gaya muku."

"Tsoron me? Ni zan dake ki?" Ya juya sakatar a tafin hannu. "Da kin zage ni a gaban coci ya fi mini wannan. Kin bar ni ina neman abin da ban ɓatar ba, ga wanda na ɓatar ɗin, hankalina, kin gani kin yi shiru."

Ta ce masa bindigar ba za ta kwana a gidan ba, ita da albarushin da kafsun, yau ɗin nan. Ta ce za ta kira Battista, mai shagon bindigogi da ke kula da filin harbi, wanda a hannun Ermanno ya koyi riƙon magagari. Ta ce ba shawara ta kawo ba. Ta faɗa har ƙarshe, tana kallon idonsa, abin da ya kamata ta yi kwana tara da suka wuce.

Ermanno ya ce ta miƙo masa gudumar katako da ɗan guntun tagulla. Ya daidaita sukurun, ya juya bindigar, ya ɗora tagullar a kan wutsiyar bebiyar, ya buga sau biyu, a hankali, ta fito. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya zare gangar ya miƙa mata ta jiƙa. Ya mayar da bututun, ya zura sakatarsa, ya tura da yatsa, ta shige da ɗan ƙas. Sannan ya ciro igiyar wuyansa, ya kwance makullin, ya ajiye a kan benci. Ta miƙa hannu, amma a kan bencin ya ajiye. Ya hau sama yana dafa bango.

Battista ya iso kafin duhu. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya tambayi maigida, aka ce ya kwanta. Ya ɗaga bindigar zuwa fitila, ya ga tabon nan huɗu, ya shafa su da yatsa. Ya naɗe ta a tawul ɗinta, ya kwashe gwangwanayen, ya ce gobe da safe su haɗu a ofishin jandarma a cike takardu. A bakin mota ya ce mata ta yi daidai. Ya faɗa yana kallon taya.

Corrado da ya ji ya ce da ta jira ya dawo. Ta gaya masa maɓalli na nawa ne bakin bindigar ya saita a jikin jar suwaitar Gemma. Hoton ya tsaya, ba ta san ko layin ne ya yanke ko shi ne ya rasa ta cewa ba. Gemma ta yi kwana uku tana fushi, don an hana ta aikinta kuma babu komai a ƙasan ledar.

Ermanno yana fitowa cin abinci, yana cewa an gode in an zuba masa, kamar baƙo a gidan saukar matafiya. Bayan haka ya koma ɗaki. La'asar ta zama ta Nives ita kaɗai, ita da magagari, da dutsen da ya tare rana a taga.

Abin da ba ta shirya masa ba shi ne mantuwar ba ta zaɓe. Bayan mako guda ya fito da fara'arsa ta da, yana laluben wuyansa, ya tambaye ta ko ta ga makullinsa, yana so ya wanke bindiga. Ƙarya mai sauƙi tana nan a bakin harshenta: tana wurin gyara, Battista zai kawo gobe. Da ya yarda, da sun sha kofi tare, da ya tsokane ta. Ta ajiye magagarin, ta ja masa kujera, ta faɗa masa abin da ya faru tun daga farko, har da guduma, har da akwatin lemo. Ta ga abin ya same shi sabo fil, kamar yau aka yi. Ya tashi ya koma ɗaki. Bayan kwana biyar ya sake tambaya, ta sake faɗa. Haka suke har yanzu.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in a gidanku akwai tsoho da bindiga da ƙaramin yaro, kuma kun fara ganin abin da ba ku so ku gani, kada ku ɓoye ƙarfe ɗaya a aljihu ku ce kun gama. Gidan da ya daɗe da bindiga ba ya rasa wani ƙarfen da zai shiga ramin, ko da ba nasa ba ne, kuma hannun da ya manta doka bai manta hanya ba. Kada ku jira wanda yake nesa ya dawo. Ku zaunar da tsohon, ku dubi idonsa ku faɗa masa, ku fitar da bindigar da albarushinta daga gidan kafin rana ta faɗi. Zai yi fushi, wataƙila ba zai huce ba, wataƙila ku rasa wanda kuke hira da shi. Ku ɗauki wannan. Kada ku bar yaro ya riƙe wa kowa bututu.